Babban Yatsan Nata'ala

A Jiratawa aka haifi Nata'ala, can ya taso yana ban ruwan zogale da albasa. Da ƙugu ya fara yi masa gardama sai ya koma Maraɗi, ya buɗe shagon kayan injin ban ruwa a Sabon Gari. Mutum ne mai son jama'a, bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Kullum da azahar tire ɗaya suke sa wa hannu da 'yan fadarsu a ƙofar shago.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, hannu kuwa ya tsaya yana rawa. Daga nan ya daina zama a fada. Ya ce shi da girmansa ba zai sa hagu cikin tiren mutane ba. Matarsa Rabi ta riƙa kai masa abinci ɗaki, yana ci a ɓoye kamar mai laifi, abin yana cin ransa.

A asibiti aka haɗa shi da Samira, mai gashin ƙashi da motsa jiki. Ta ɗaura masa wani tabarau mai kauri, sai ga shi tsakiyar kasuwar da babu ita, tumatir da mangwaro jere a kan tebur. Ta ba shi wayar salula ta ce ya nuna abin da yake so, wani siririn haske zai fita daga bakin salular ya sauka a kai, sannan ya taɓa gilashinta da babban yatsa.

"Baba, fara da hagu, ka gane yadda ake yi tukuna."

"Mangwaron zan ɗauka da hagu?"

"Ai ba na gaske ba ne, Baba."

"Ni dai abinci na gani, 'yata."

Samira ta yi dariya ta mayar masa da salular hannun dama. Nan fa aiki ya tashi. Ya saita hasken da ƙyar, da zarar yatsa ya taɓa gilashi sai hannun ya girgiza, hasken ya zame, ya ɗauko tsintsiyar da ke gefe. Tsintsiya dai, tsintsiya dai, har ya ce ko sharar kasuwar aka ɗauke shi yi.

Da ta ga taurin kan ba mai tafiya ba ne, sai ta sauya dabara. Ya ɗora salular a cinya, ya juya kai ya dubi abin da yake so, idan ya yi haske ya taɓa gilashin ko'ina. Da yatsan ya yi ƙarfi ta koya masa jan sa a kan gilashi, yana tura ɗan ɗigon haske har kan tumatir. Sai da damina ta wuce kafin su koma nuni da hannu.

Ana nan ƙaninsa na Tibiri ya yi bikin suna. Nata'ala ya so ya yi addu'a ya sulale, amma abokinsa Idirisa ya riƙe masa riga ya zaunar da shi gaban tire. Ya yi bisimilla, ya sa hannun dama, ya dunƙula shinkafa. Kafin ta kai baki rabi ya zube a kan rigarsa.

Ba wanda ya ɗaga kai. Idirisa ya ci gaba da ba da labarin tsadar taki, yana tauna a hankali, sauran ma suka rage hannu. Mazan da suka saba share tire kafin shayi ya tafasa suka zauna suna tsakurar shinkafa, har sai da Nata'ala ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi.