Nimeron Jikin Ƙofa

Har yau idan na ga kalma a tsakanin alamar @ guda biyu, sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Mu biyu muka buɗe ɗan biro, wato ofis, a Zango, ni da wani abokina da muka yi karatun lakwal tare. Shagon da muke ciki na mijin Yayata ne, a da buhuna yake ajiyewa a ciki, nimeron wayarsa ma yana nan a jikin ƙofa da jan fenti. Abin da muka ƙera aplikasiyon ne na waya don masu sayar da hatsi. Direban kamiyo mai dakon kaya ko ɗan kasuwar Kano zai buɗe, ya ga akwai wake ko gero, ya danna ya kira mai kaya.

Aplikasiyon ɗaya ne, amma kowane mai hatsi da nasa kwafin. Shi ya sa ba ma rubuta nimeron kowa a cikin fishiyoyin aikin, wato fayilolinsa, gurbi muke bari, mu sa @NIMERO@. Ranar haɗa kwafi, akwai ɗan shirin da ke bin fishiyoyin, duk inda ya tarar da gurbin sai ya cire ya dasa nimeron mai kaya. In bai tarar ba, ba ya cewa uffan, wucewa yake abinsa.

Farkon kaka Allah ya yi wa mijin Yaya rasuwa. Ina can zaman makoki wani alhaji daga Takieta ya zo biro ganin aiki, ya hangi @NIMERO@ a kan ordinata, wato kwamfuta, ya ce wannan wane irin jagwalgwalo ne? Abokin nawa, mutum ne da bai ƙi komai ya lalace ba in dai za a ce masa gwani, nan take ya goge gurbin. Ya ɗaga kai, ya ga jan fentin ƙofa, ya kwafe nimeron ya sa a wurin. Alhaji ya tafi yana yabo. Gogan naka kuwa ya haɗa kwafin kowa a haka, ya raba.

Yaya tana takaba a gidansu na Birni, tsakar gida cike da dangin miji mata daga Gaffati. Wayar marigayin tana gefenta a kan tabarma saboda masu kiran gaisuwa. Ta taɓa ce mini duk sanda ta yi ƙara, kafin hankalinta ya dawo, sai ta ji kamar yana zaure zai shigo.

Sai kira ya fara sauya. Ta ɗauka ta ji muryar ƙato yana tambayar wake. Ta ce ba nan ba ne, ta ajiye, wani ya kira. Wasu marasa kunya, da suka ji muryar mace, sai su sake kira wai su gaisa. Mace tana takaba, maza suna neman ta a waya daga safe har la'asar! Matan Gaffati suka fara kallon juna suna taɓe baki. Da kunnena na ji wata tana cewa ko ƙasar kabari ba ta bushe ba. Ranar da magana ta kai wa wan mijinta, ya shigo har tsakar gida, ya miƙa hannu a gaban kowa, Yaya ta ba shi wayar kanta a sunkuye.

A zaure wayar ta yi ƙara a hannunsa, na roƙe shi na ɗauka. Direba ne, ya ce a aplikasiyon ya samu nimeron. Ban san sanda na hau kabu-kabu zuwa biro ba.

Na ce wa abokina, "Kai, me ya kai ka taɓa gurbin nan?"

Ko ɗagowa daga shayinsa bai yi ba. Ya ce, "Haba, ai mai nimeron ya rasu. Na ɗauka layin ma ya mutu."

Tir! Wallahi da ƙyar na riƙe hannuna. Gyaran bai kai shan kofin shayin nan ba, na mayar da gurbin na sake haɗawa. To amma wane direba ne zai tsaya sauke sabon kwafi ana tsakiyar kaka? Tsohon ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya.

Na koma na yi wa wan mijin bayani tiryan-tiryan. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kyauta. Bai mayar da wayar ba, bai kuma leƙa ciki ya faɗa wa matan ba. Da na faɗa musu da kaina, wata tsohuwa ta ce ai dole ƙane ya rufa wa yayarsa asiri. Da maganarsu suka koma Gaffati.

Ranar sadakar arba'in sai ga abokin nawa, babbar riga tana ƙamshi. Ya cika cikinsa da waina, ya nemi ya yi wa Yaya gaisuwa daga bakin ƙofa. Bayan addu'a sai ya yi dariya ya ce, "Ai Yaya kin yi suna, har Kano an san nimeronki."

Washegari na kwashe ordinatata daga shagon, ban sake sa ƙafa ba.

Yanzu Yaya ta daɗe da fita takaba. Na saya mata sabuwar waya, ta ba ƴarta. In ina son gaishe ta, sai na taka har Birni, kuma tun daga zaure nake kashe tawa, don in ta yi ƙara a aljihuna, Yaya tashi take ta bar ɗakin.