Matar da Na Kira Ɓarauniya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe ranar da 'yata ta cika shekara huɗu a duniya. Yanzu ta girma, tana sakandare, kuma abin da take tunawa na ranar bai wuce jar rigar da ta sa ba. Ni kuwa har gobe in na ji an kurma ihu a cikin taro, sai gabana ya yanke ya faɗi.

Ni malamar firamare ce a Gwarzo. Shekara bakwai na yi a gidan miji ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, kafin Allah ya ba ni wannan yarinya, kuma daga ita ban ƙara ba. Duk wadda ta sha irin wannan jira ta san yadda zuciya take komawa. Ko tari yarinyar ta yi sai na hana kowa sakat. Ga shi a shekarar wayoyinmu sun cika da labaran satar yara. Kullum sai an turo saƙon murya a guruf ɗin matan unguwa, yau a ce an ga wata mata tana raba wa yara alewa, gobe a ce an tsinci wani yaro a wata jiha. Ban taɓa tambayar wa ya gani da idonsa ba. Ni ma turawa gaba nake yi, har in ƙara da cewa iyaye a kula.

Wata abokiyar aikina ce ta turo mini hotunan 'ya'yanta a wani wurin wasan yara a Kano. 'Yata ta gani a wayata, ta ɗora yatsa a kan wani doki mai juyawa ta ce, "Umma, ni ma a kai ni in hau wannan." Shi ke nan na ɗaura aniya. Mahaifinta bai so ba. Ya ce, "Malama, ki dafa shinkafa a raba wa yaran maƙwabta, a yi mata addu'a, ai ya wadatar." Na dage, na yi ta naci har ya gaji ya ce to.

Ranar Asabar ce, ana hutun makaranta, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Muka yi sammako a motarsa, ina rungume da kek ɗin da wata maƙwabciyarmu ta gasa. Muna ratsa ƙasar Kabo yarinyar tana ta ƙirga shanu ta taga, in ta kai goma sai ta koma ɗaya, don iya nan ta sani.

Wurin ya cika maƙil, ko'ina yara ne da iyayensu, ga kiɗa, ga masu balan-balan, ga masu askirim. Ta hau dokinta har sau uku. Ta hau lilo, ta shiga ɗan jirgin ƙasa tana ɗaga mana hannu. Muka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya muka yanka kek, ta dangwalo da yatsa ta shafa wa babanta a gemu. Ban taɓa ganin ya yi dariya irin ta ranar ba. Da aka kira azahar ya tashi ya ce, "Bari in yi salla in dawo. Ki sa mata ido, kin ga cunkoson nan." Na ce ai ba sai an faɗa mini ba.

Gaskiyar da na daɗe ban iya faɗa wa kowa ba ita ce, yana tafiya na sunkuyar da kai a waya ina zaɓen hotunan da zan ɗora mutane su gani. Ban san minti nawa na ɗauka ba. Da na ɗago, takalminta ɗaya ne kawai a bakin tabarma.

Na kira sunanta, shiru. Na zaga wurin dokin, na zaga wurin lilo, na leƙa bayan rumfunan masu abinci. Duk yarinyar da na hango da jar riga sai in ruga in juyo ta, in ga ba ita ba ce. Mayafina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. Duk saƙonnin nan da na saurara suka dawo mini a kunne lokaci guda. A raina har na ga an sa ta a mota an ɗauki hanyar da ba zan ƙara ganinta ba.

Can sai na hango ta. Wata mata mai koɗaɗɗen hijabi ruwan ƙasa ta saɓa ta a kafaɗa, ɗaya hannun tana riƙe da kula, tana sauri ta nufi babbar ƙofar fita. Yarinyar tana kuka, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ban yi tunani ba. Wallahi ko na daƙiƙa ɗaya ban yi ba. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Ɓarauniya! Ɓarauniyar yara! Jama'a ku tare ta, ta sace mini 'ya!"

Matar ta juyo. Har yau ina ganin fuskarta, don murmushi ta fara yi, irin na wanda ya ga mai kaya ya huta. Na fizge yarinyar daga kafaɗarta. Ta ce, "Hajiya, tsaya ki ji, ai wurin mai gadi zan..." Ba ta ƙarasa ba wani ya zabga mata mari ta baya. Kafin in juya mutane sun rufe ta. Maza da mata, har da masu riƙe da 'ya'yansu. Wani ya ɗauko benci. Kular hannunta ta fashe, robobin zoɓo suka watse a ƙasa, jan ruwan yana malala, har na kasa bambance shi da jini. Wasu samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Yarinyar tana ƙanƙame da wuyana tana cewa, "Umma, ita ta ba ni ruwa. Umma, su bari!" Na ji ta sarai, amma hankalina bai ɗauka ba. Sai da wani dattijo mai gadin ƙofa ya kutso da sandarsa yana ihu har muryarsa na shaƙewa: "Ku ji tsoron Allah! Mai zoɓo ce, a nan take sana'a! Duk yaron da ya ɓata ita take kawo mana a yi cigiya a lasifika!" A daidai nan maigidana ya iso da gudu, ya faɗa tsakiya ya kare matar da jikinsa, shi ma ya sha duka biyu uku kafin mutane su ja baya.

Abin da ya faru kuwa, yarinyar ta bi mai balan-balan ne har ta ɓace, ta tsaya a bayan wata rumfa tana kuka. Matar ta gan ta, ta ba ta ruwa, ta lallashe ta, ta ɗauko ta za ta kai ɗakin masu gadi da ke jikin ƙofa. Taku goma ya rage mata ta isa.

A motarmu aka kai matar asibiti, kanta a cinyata, ba ta san inda take ba. Hannunta na dama ya karye. Muna zaune a baranda wajen la'asar sai wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta tambaya ina 'yan'uwan matar suke. Ta dube mu ta ce, "Ita dai za ta tashi in sha Allah, amma cikin ya zube. Wata biyar ne."

Ni da na yi shekara bakwai ina kuka a kan sallaya ina roƙon ko na wata ɗaya. Na zauna daɓas a ƙasa.

Mijinta, wani lebura, ya zo da siminti a jikinsa. Aka ba shi labari. Bai zage mu ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ku tafi. Don girman Allah ku tafi, kada ta farka ta gan ku." 'Yan sanda sun ɗauki bayaninmu, amma cikin duk waɗanda suka ɗaga mata hannu ko mutum ɗaya ba a samu ba, kowa ya ja ɗansa ya sulale. Ni kaɗai na rage, ni da ko yatsa ban sa mata ba.

Kwana biyu bayan nan, ina kwance a ɗaki, sai ga bidiyon a guruf ɗin matan unguwarmu. An rubuta a ƙasansa cewa asirin wata ɓarauniyar yara ya tonu a Kano. Mata suna ta Allah ya ƙara, wata har tana cewa da ƙone ta aka yi. Muryar da ke ihu a farkon bidiyon tawa ce, ba wadda ta gane.

Mun ɗauki nauyin maganinta, amma ba a bari mun gan ta ba. Bayan kamar wata guda mai gadin nan ya gaya wa maigidana cewa ta bar birni. Yaran unguwarsu sun fara binta da jifa, mata suna janye 'ya'yansu in ta wuce, sai mijin ya mai da ita gidan iyayenta. Ya kuma faɗa masa garin. 'Yar Gude ce, nan kusa da mu. Ashe ma 'yar gida na yi wa wannan aika-aika.

Muka je wata Juma'a da hantsi. Maigidana ya tsaya a zaure wurin mahaifinta, ni na shiga ciki. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa, ya hanya, ya damina, ya mai jiki. Na ce, "Inna, ni ce wadda ta yi ihun." Tsohuwar ta ce, "Na sani. Sha ruwanki." Ta nuna mini ɗaki.

Na tarar da matar zaune a bakin gado, hannu ɗaure, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Duk maganar da na shirya tun daga Gwarzo ta gudu. Na durƙusa ina kuka. Ita ta fara magana. Ta ce, "Yarinyar tana lafiya? Ranar ta tsorata sosai."

Na ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Malama, ni ma uwa ce, da tawa ce ta ɓata ban san me zan yi ba. Dukan da na sha na yafe miki, duniya da lahira. Amma na cikin nan da ya tafi, ban san yadda ake yafewa a madadinsa ba. Wannan ki roƙi Allah." Ta share ido da gefen zane. "Abu ɗaya nake so. Ina da yara biyu, ana ce musu 'ya'yan ɓarauniya. Ki gaya wa mutane ban saci ɗan kowa ba."

A gabanta na ɗauki waya na yi saƙon murya. Na faɗi ko ni wace ce, na ce ni na yi ihun, ni na yi sakaci da 'yata, matar nan taimakona ta yi. Na tura duk inda na sani, na roƙi a yaɗa. Wasu sun tura, da yawa ba su kula ba. Bidiyon kuwa bayan shekara biyu sai da na sake ganinsa yana yawo, an canza masa sunan gari.

Muna zumunci har yanzu, ina zuwa Gude da salla, tana karɓata da fara'a. Hannun bai koma daidai ba, ba ta iya daka. Ta sake haihuwa, na je suna, amma ban iya ɗaukar jaririn ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoro ba hujja ba ne, kuma son ɗanka bai ba ka lasisin halaka ɗan wani ba. Na kuma gane cewa ba sai ka ɗaga hannu kake zubar da jini ba, baki ma yana yi. Tambaya ɗaya tak, "Baiwar Allah, ina za ki kai ta?" da ta ishe mu duka, kuma ba ta fi ihun da na yi tsawo ba.