Hatsin Gwaggo Cikin Gulbi

Akori-kurar da babanmu ya bar mana, ni da yayana, tsohuwa ce amma da ƙarfinta. Bayan rasuwarshi wani mai walda a Isa ya ƙera mana tirela mai lanƙwasasshen wuya irin na raƙumi. Wuyan yakan ƙetare ƙofar bayan motar ya sauko tsakiyar bodi, ya zauna bisa wani dunƙulen ƙarfe. Ƙarshen wuyan bututu ne cikin bututu, da huji huɗu da ƙusa mai kauri. Ka zare ƙusar, ka ɗaga ko ka sauke, ka maida ta. Ranar da munka ɗauko ta mai waldar ya ja mani kunne sosai. Ya ce in wuyan ya yi sama, nauyi baya zai koma, tirela ta riƙa wutsil-wutsil har ta ɗage tayoyin motar na baya. In ya yi ƙasa kuma ta danne motar, sitiyari ya yi sakayau a hannu.

Ni ba ni da ma'auni irin na masu walda. Kwanon sha nake cikawa da ruwa in aza tsakiyar tirela a ƙofar gidanmu, inda ƙasa take shimfiɗe. In ruwan ya karkata, ba inda za ni sai na gyara. Mutanen garinmu Kurawa suna mani ba'a, wai ga direba mai shayar da ƙarfe. Ni ko a jikina. Kaka bayan kaka ina kwaso hatsi da dawar mutanen gari daga gona, ko buhu guda bai taɓa faɗo mani ba. Ba ni da shanu, ba ni da shago, harkar kasuwa ta Yaya ce. Abin da na mallaka a garin nan shi ne in an ce ni na ɗauki kaya, mai kaya ya koma gida hankalinshi kwance.

Shekarar da abin ya faru zazzaɓi ya kwantar da ni kwana bakwai ana tsakar kaka, motar tana hannun Yaya. Ina miƙewa gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ta aiko. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, gonarta guda ce a ƙetaren gulbi. Mata sun taya ta sussuka a can, an ɗure a buhuna, cimarta ta shekara ke nan. An ba ta shawarar ta ɗauki jakuna, ta ce a'a, sai ɗanta ya warke. Ni ke nan.

Da hantsi na fito da kwanona cike da ruwa, na tarar har an ɗaura tirela. Yaya na zaune bisa tabarma cikin dattawan unguwa. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Aje kwanon nan, kai da ka tashi daga ciwo. Na daidaita ta da kaina."

Wallahi idona ya gaya mani wuyan nan ya yi sama. Na gani. Amma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da ke nan. Babban wanka ya ce ya yi abu, a gaban manya, sa'annan kai ƙane ka je kana aunawa? Ka ce mashi maƙaryaci ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Na tsaya da kwano a hannu kamar sakarai, sa'annan na kafa kai na shanye ruwan. Dattawa sunka yi dariya, ni ma na taya su.

Zuwa lafiya lau, tunda ba kaya. A gona ƙasa duk kunya-kunya ce, ba wurin aunawa, ga Yaya tsaye bisa kaina shina nuna inda za a jera buhuna. Munka kamo hanya, shi a baya bisa babur. Tun a tudu na fara jin tirela na fizgar motar hagu da dama. Na rage gudu har mai tafiya ƙasa na iya cim mani. Da munka kai gangaren gulbi na taka birki a hankali, sai na ji bayan motar ya yi sama kamar an cicciɓe shi. Tirela ta turo motar a karkace, ta kwanta bisa gefenta cikin ruwa. Na yi salati na fito ta taga. Ina kallo buhuna na fashewa, hatsin Gwaggo na bin ruwa.

Jama'a sunka taru anka tsamo abin da ya tsamu. Ni kuwa na nutsa hannu na laluba wuyan tirela. Ƙusa tana hujin ƙarshe, wanda ban taɓa sa ta ciki ba tunda anka ƙera abin.

Bayan la'asar anka zauna a zauren gidanmu, dangi da dattawa. Na sunkuyar da kai ina jiran Yaya ya faɗi gaskiya. Ban so ya wulaƙanta ba, ya ce ma mantuwa ce ya ishe ni. Ya gyara murya, ya ce ƙaddara ce, a yi mani haƙuri, jikina bai gama komawa ba. Sa'annan ya ƙara da cewa:

"Na sha gaya mashi ya riƙa rage gudu a gangare. Yaro ba ya jin magana."

Yaro! Ni da 'ya'yana huɗu. Shi da ke bayana bisa babur, shina ganin yadda nake rarrafe da motar. Na ɗaga kai na dube shi, ya kau da ido ya kama jan tasbaha.

Ranar kasuwar Sabon Birni wani direba abokina ya warware mani sauran. Ya ce ya ga Yaya da tirelar can hanyar Nijar lokacin da nake kwance, ya ɗauki kayan wani ɗan kasuwa. Tudun yashi ya sa gaban tirela na bugun bodin mota, sai sunka ɗaga wuyan har ƙarshe. Na dawo gida raina a ɓace na same shi shi kaɗai bayan rumbu. Bai musa ba. Ya ce ƙusar ce ta cije, ya yi ya yi ta ƙi fita, ya zaci ba komai. Da na tambaye shi dalilin laƙa mani laifi, sai ya ce yanzu me nake so, ya tashi gaban jama'a ya ce shi babba ya yi ƙarya? Ni ƙarami ne, in ji shi, ana mance laifin ƙarami.

Na rantse sai na tona. Innarmu ce ta riƙe mani riga tana hawaye, ta ce in ina neman albarkarta in rufa wa ɗan'uwana asiri, ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Na rufa. Har yau ban yafe ba, ba zan ɓoye wa kowa ba.

Hatsin da anka tsamo rabi ya yi tsiro, rabi ya yi funfuna. Munka ɗiba daga rumbunmu don a cike wa Gwaggo. Yaya ne ya kai mata da kanshi, ya dawo shina ba da labarin irin albarkar da ta sa mashi. Sauran kakar ba wanda ya ƙwanƙwasa mani ƙofa.

Da wata kakar ta zagayo, Gwaggo ta zo gidanmu da sandarta. Ta wuce ɗakina ta shiga sashen Yaya. Da ta fito ta iske ni zaune, ta dafa kafaɗata, muryarta cike da tausayi.

"Kada ka ji haushi, ɗana. Bana wanka za shi ɗauko mani. Ka san shi ya fi ka natsuwa."

Na ce to, Gwaggo. Na shiga ɗaki na ɗauko mabuɗin motar na je na miƙa wa Yaya.