Kunnen Kaumi Mai Rediyo

"Ka ji abin da ya yi wa Halliru mai tireda?"

"Wa?"

"Baba Kaumi mana. Ya riƙe masa rediyo tun kasuwar da ta wuce, jiya ya miƙo masa ya ce ya gyaru. Halliru ya je gida ya kunna, sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai."

"Kai dai ba ka rasa ƙari."

"Wallahi. Har matarsa ta leƙo da kwano."

"To, tsufa ne."

"Wane tsufa? Kunne ne. Ka tsaya ta bayansa ka yi sallama ka gani."

"Rage murya, ga shi can yana shimfiɗa."

"In rage don wa? Ai maganar da nake yi ke nan."

A teburin mai shayi aka yi wannan hira, bakin tashar Potiskum, wata safiyar Laraba bayan shekarun babban fari. Wanda ake maganarsa yana nan kusa, gindin darbejiya, yana jera kayan aikinsa a kan tebur: filaya, sukuddireba, dalma, da ɗan murhun gawayin da yake gasa ƙarfen liƙi. Bai ɗago ba.

Kaumi ɗan unguwar Yerimaram ne, Babarbare, iyayensa daga gabas suka zo. Ubansa gyaran sirdi da linzami yake yi, ya kuma so ɗan ya gaje shi. Amma Kaumi yana saurayi ya ga garmaho a gidan wani ɗan kasuwa, akwati yana rera waƙa ba mutum a ciki, daga ranar fata ta fita daga ransa. Wajen shekarar samun mulkin kai ya riga ya mallaki nasa, na hannu. A ka yake ɗaukarsa zuwa gidajen biki, har ƙauyen Mamudo yakan taka, ya zauna yana juya hannun, yana sauya allura, mata na leƙe ta bayan zana. In sifirin da ke juya faifan ya tsinke shi zai kwance akwatin, ya gasa bakin ƙarfen a wuta, ya huda, ya mayar. Tabon da ke babban yatsansa sifirin garmaho ne ya bar masa. A irin wannan biki ya ga Mairam, wadda ta zama matarsa. Ita ce ta aiko a ce wa mai garmaho ya sake faifan da ya wuce.

Bai gama cin moriyar garmahon ba sai ga rediyo mai kwalabe, wanda sai ya ɗauki zafi kafin ya buɗe baki, batirinsa kuwa sai an ɗauko a kan jaki. Masu hali suka saya, masu biki suka rage aiko masa. Kaumi ya ajiye garmaho a ƙarƙashin gado, ya je ya zauna gefen wani mutumin kudu da ke gyara a bakin tasha. Mutumin ba ya jin Hausa sosai, Kaumi ba ya jin Turanci, da nuni aka yi karatun. Da hargitsin da ya jawo yaƙin basasa ya zo, mutumin ya tafi bai dawo ba. Filayarsa ce Kaumi ke riƙe da ita har yanzu.

Ya iya kwalabe ke nan sai ga ƙaramin rediyo mai batir irin na tocila, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa ya bi shanunsa. Kwalaben da ya tara cike da kwali, 'yarsa Hawwa ce ta yi wasan 'yar tsana da su. Ya sake zama ɗan koyo, ya ƙona na mutane, ya sha faɗa, ya iya. Sojoji suka dawo daga yaƙi da rikoda mai cin kaset. Shekarar Udoji ta zo, aka ƙara albashi, kowane ma'aikaci ya sayi tasa. Kaumi ya koyi yanka bel daga tsohon tiyub ɗin keke, ya koyi zaro zaren kaset da rikoda ta tauna ya naɗe shi da biro. Abin da yakan faɗa ke nan in an yabi hannunsa: "Duk abin da na iya, ranar da na iya shi ake daina yayinsa."

Bai yi boko ba, zanen da ke liƙe a bayan murfi bai taɓa yi masa amfani ba. Batir da harshe yake gwada shi, sauran aikin duk na kunne ne. Zai ɗora bakin sukuddireba a nan, ya saurara, ya matsa gaba, ya saurara, har ya kai inda gunjin ya ɗauke, ya ce, "Ga inda ciwon yake." Shekara da shekaru kunnensa na manne da lasifika, ga injin niƙa da aka kafa a bayan teburinsa yana ruri tun safe har yamma. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓace masa. Daga nan muryar mata da ta yara. Daga baya kiran salla ma sai ya ga mutane sun miƙe.

Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi cewa "To, madalla" a inda bai gane ba. In ya gama gyara sai ya ɗora yatsa a kan takardar lasifika, in ta yi rawa ya ce rediyo ya tashi. Amma yatsa ba ya bambance muryar mutum da shuuu, haka na Halliru ya fita daga hannunsa.

Tsallaken titi kuwa Muhammadu Lawan ya buɗe shagon kaset da gyara, da lasifikoki manya kamar akwatunan lefe. Mutum ne mai ladabi. Ya taɓa tsallakowa da mitarsa mai allura, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gwada wannan, da ido ake aiki da ita." Kaumi ya dubi allurar tana rawa a kan lambobi, ya daɗe yana dubawa, ya mayar masa ya yi godiya. Ya ji ba shi da sauran ƙarfin komawa ɗan koyo.

Masu kawo masa aiki sai raguwa suke yi. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da mutanen ruga, su ma labarin Halliru bai kai gare su ba tukuna. In ya kai, teburin gindin darbejiya ya tashi.

Da hantsi, kasuwar shanu ta cika, sai ga Bakari. Bafillace ne, makiyayi, rediyonsa na farko a hannun Kaumi ya saya. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi, kuma ba a barin magana ta faɗi ƙasa ba a rama ba. Shekarun nan duka Bakari bai taɓa jefa wa Kaumi ɗaya ba tare da ya karɓi wadda ta fi ta ba. Masu zama a bencin gefe saboda wannan suke son Laraba.

"Bawana, tashi ka gai da ubangijinka!" in ji Bakari, yana tsaye a gabansa.

Kaumi ya dubi bakinsa. "Wa ya sako ka daga turke? Matsa baya, warin nono zai kashe mini gawayi."

Bakari ya sauke rediyon daga kafaɗa ya ɗora a tebur. Rigar fatar da ke jikinsa sai ƙyalli take yi. Kaumi ya ɗauka, ya kai hanci, ya ajiye.

"Bafillace, gyara ka kawo ko miya? Man shanu ne wannan."

"Asta ce. Ta ga fatar tana tsagewa, ta shafa masa mai yadda take shafa wa ƙoranta. Kullum sai ta shafa. Rana ta yi zafi, mai ya shige ciki, tururuwa ta bi shi. Yanzu ko tari ba ya yi."

"Matarka ta fi ka hankali. Ta ga abin da ke hira da ita a rugar, shi ta ba mai."

Bencin ya ɗauki dariya. Bakari ma ya dara, ya juya baya yana kwance igiyar jakarsa, ya ce da ƙarfi yadda har mai shayi ya ji, "Ku ƙyale shi. Barebari ai mu muka koya musu sa wando. Kakan wannan da ganye muka tsince shi."

Kowa ya zuba wa Kaumi ido, ana jiran abin da zai fito. Shi kuwa yana sunkuye yana kwance ƙusoshin murfi, fuskarsa ba ta motsa ba. Dariyar ta mutu a bakin mutane. Wani ya yi gyaran murya, wani ya tashi ya ce zai je ya ga awakinsa.

Bakari ya juyo a hankali. Ya dubi bencin, ya dubi Kaumi. Ya zagayo ya tsuguna daidai fuskarsa, ya taɓa masa gwiwa.

"Babarbare, na zage ka, na zagi kakanka, ba ka rama ba."

Kaumi ya buɗe baki zai ce "To, madalla," ya fasa.

"Kunnenka ya tafi kiwo bai dawo ba," in ji Bakari. "Kowa ya sani, kunya ta hana su faɗa. Ni ba ni da kunyar bawana."

Duk garin ba mai iya faɗa masa wannan a fuska in ba abokin wasa ba, kuma ba damar ya yi fushi. Ya sunkuyar da kai yana goge sukuddireba a gwiwar wandonsa.

Bakari ya sake taɓa shi don ya ɗago. "Gobe muna tashi da shanu, kudu za mu yi, sai damina. A daji wannan ne ke gaya mini ko ruwa ya sauka a gida. Ba zan tafi da abin da ke yi mini shuuu ba. Gobe da safe zan biyo gidanka. In yana magana, zan rataya shi, in buɗe murya, in ratsa tashar nan da shi kowa ya ji aikin Kaumi. In ba ya yi, zan tsallaka titi, kuma a gaban mutane zan tsallaka, don ba wata hanya."

"Ka zo," in ji Kaumi.

Bai jira azahar ba ya tattara kaya ya koma Yerimaram. A tsakar gida ya shimfiɗa tabarma, inda haske ya fi. Mairam tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta tambaye shi dalilin dawowa da wuri ba.

Tsakanin Mairam da kayan nan akwai tsohuwar gaba. Gawarwakin rediyo sun cinye mata ƙarƙashin gado, sun hau kan randa, sun kori kwanoninta daga kan kantar ɗakinta. Farkon aurensu ta taɓa share wasu ƙananan ƙusoshi ta zubar a bola, ya yi mata faɗan da maƙwabta suka ji, ya ce kada ta ƙara kusantar aikinsa. Ba ta ƙara ba. In yana gyara, ko ruwa ta kawo, nesa da tabarmar take ajiyewa. Amma ta daɗe da daina kiransa daga ɗaki. In za ta yi masa magana sai ta zo gabansa ta tsaya, ta ja kalmomin a hankali, ba ta taɓa cewa don me ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ya buɗe rediyon. Ciki ya yi danƙo, tururuwa sun mutu a jere cikin mai. Ya tsoma gashin kaza a fetur yana wankewa lungu-lungu, ya shanya a rana, ya hura. Ya sami waya guda da tsatsa ta cinye, ya gasa ƙarfe ya liƙe ta. Idonsa na ruwa, bayansa na ciwo, sau da yawa sai ya tsaya ya miƙe ƙafa. Hannun dai bai manta komai ba. La'asar ta yi, ya yi salla, ya dawo ya sa batir sababbi, ya zaro eriya, ya murɗa.

Ya ɗora yatsa a kan lasifika. Tana rawa.

Ya kai rediyon kunnen dama, ya mayar na hagu, ya ƙure murya. Wani abu yake ji can nesa, kamar iska a cikin rijiya. Mai yiwuwa mutumin Kaduna ne ke karanta labarai, mai yiwuwa kuma ƙosan Halliru ne. Ya murɗa allurar tasha gaba, ya dawo da ita baya, duk ɗaya ne a yatsansa.

Ya ajiye shi a kan tabarma, ya zauna yana kallonsa. Daga garmaho zuwa yau, duk abin da zamani ya kawo da kansa ya durƙusa ya koya, bai taɓa neman kunnen wani ba. Ya waiwaya. Mairam ta daina tsintar shinkafa. Hannunta na cikin faifai, kanta a karkace wajen rediyon, tana ji, ta san amsar, kuma ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta.

Kaumi ya matsar da filaya da dalma gefe, ya share wuri a kan tabarmar da tafin hannunsa. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so, don shi ba ya jin ta.

"Mairam, ajiye faifan nan ki zo ki zauna kusa da ni. Zan riƙa murɗawa a hankali. In kin ji mutum ya yi magana sosai, ba shuuu, ki dafa mini hannu."