Bawan da Ya Kafa Unguwar Jatau

Ƙauyenmu, Unguwar Jatau, can tsakanin Kafur da Malumfashi, bai fi gida goma sha biyu ba, amma mun fi 'yan birni ji da kai. Kowane yaro ya haddace cewa Jatau, kakan kakanninmu, ɗan sarki ne da ya fito farauta, wuri ya yi masa, ya zauna.

Kakata Iya Tabawa ce mai yi mana tatsuniya bayan isha'i, tana gurzar auduga a gefen wuta. A shekarar da aka tayar wa mutanen Kudu hankali a garuruwa, wata mai sayar da atamfa, Maman Ada, ta iso gidanmu a ƙafa daga Funtuwa, da 'yarta a goye. Babana ya ce ta sha ruwa ta wuce, yana tsoron abin da zai biyo baya. Iya kuwa ba ta yi masa magana kai tsaye, don ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kira. Sai ta tara mu, ta ɗaga murya yadda zai jiyo daga zaure.

"Yau ba Gizo ba Ƙoƙi," in ji ta. "Jataun nan naku ba ɗan sarki ba ne. Bawa ne, da sarƙa a ƙafa ya gudo."

Na saki baki ina kallonta. Ta ce wata tsohuwar Bamaguza ce ta ɓoye shi a rumbun dawa. Masu nemansa suka zo, ta ce ba ta ga kowa ba. Daga baya ta yanka masa gona, ya sari daji, ya kafa bukka. Zancen sarauta jikoki ne suka ƙaga saboda kunya.

"Da ta ce ya sha ruwa ya wuce, wa zai haifi masu gemun garin nan?"

Can sai ga Baba da tsani a kafaɗa, ya jingina shi da rumbunmu. Kwana tara baƙin suka yi a ciki kafin wani direban motar auduga ya fitar da su.

Na daɗe ina jin haushin Iya, gani nake ta tona mana asiri. Sai da na girma na gane asirinta ta fara tonawa, don ita ma jinin Jatau ce, ta kuma gwammace a kira ta jikar bawa da a kori mace da goyo daga ƙofar gidanta.