Gurbi Ɗaya Ya Rage a Layin Safe

Mu biyu Baba ya kai intabiyun, ni da ƙanwata. Na ce ƙanwata don haka aka saba mana, amma 'yar ƙanen Baba ce. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ta sake aure a wani gari, Baba ya ɗauko ta ya haɗa mu ɗaki ɗaya a gidanmu na Hayin Banki. Watanni ne kawai tsakaninmu, amma tun da ta iya magana take ce mini Yaya, ni kuma ban taɓa ɗaga mata ƙafa a kan wannan girman ba. Aji ɗaya muka yi, jarrabawa ɗaya muka zauna, na ɗara ta da kaɗan a sakamako, kuma ina tuna mata hakan duk ranar da ta ƙi wanke kwanuka.

Wata jami'a mai zaman kanta ce ta ware gurabe 'yan kaɗan na karatun likitan haƙori kyauta, ta turo malamanta Kaduna su tantance waɗanda suka nema. Kyautar nan ita ce maganar. Baba kafinta ne a Kawo, ko ya sayar da shagon har da zarto ba zai iya kai mutum ɗaya irin wannan makaranta ba. Ni na kawo zancen gida. Ni nake son aikin, tun ranar da na raka Umma wajen wani mai cire haƙori a bayan tasha, na ga yadda ya danne mata kai da gwiwar hannu, ta dawo da kumburin da ya hana ta cin tuwo kwana da kwanaki. Ƙanwata kuwa ta nema ne don ta ga na nema. Da bakinta ta ce, "Yaya, ni ko ido ne ko haƙori, duk wanda Allah ya ba ni."

Wata 'yar maƙwabtanmu da ta gwada bara ba ta samu ba, ita ta ja mana kunne.

"Ku yi sammako," in ji ta. "In ba ku shiga layin safe ba, ku ɗauka yawo kuka je. Da safe malaman da ƙarfinsu, suna tambaya suna saurara, har sabulu suke ba ki da 'yar wuƙa ki sassaƙa haƙori su ga hannunki. Amma da an dawo daga azahar, kowa ya riga ya zaɓi nasa a zuci, agogo kawai suke kallo."

Daga ranar sabulun wankin Umma ya shiga uku. Na ari ƙaramar wuƙa a shagon Baba, na zauna ina fitar da fiƙa da haƙorin turmi, in ɓata in sake, har Umma ta fara ɓoye sabulu a ƙarƙashin gado. Ba yabon kai ba, hannun kafinta na gada. Wanda ya fi kyau na naɗe shi a hankici na saka a jaka, ban ma san dalili ba.

Ranar intabiyun, ana sallame sallar asuba muka fita. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a duk da ba Juma'a ba ce. Muka samu bas a Kawo, direban ya ƙi tashi sai ta cika maƙil, ina zaune ina cizon leɓe kamar in sauka in tura ta. Ko da muka isa zauren da aka kama a Doka, masu motar gida sun riga mu. Layi ya miƙe har bakin titi.

Wani mutum ne a bakin ƙofa yana shigar da 'yan layin safe, yana zaunar da su a benci. Duk wanda bai samu wuri ba, sai ya nemi inuwa ya jira bayan azahar. Layin na matsawa. Ina leƙen bencin ta taga ina ganin yana cika. Ni ce a gaba, ƙanwata a bayana, Baba a gefenmu. Na riga na ɗora ƙafa a kan matakala mutumin ya sa hannu ya tare ƙofar.

"Mutum ɗaya ya rage," ya ce. Ya dube mu, ya dubi Baba. "Malam, duka naka ne? To zaɓi ɗaya, ɗayar sai an jima."

Me ya kai shi tambaya? Ga ni a gaba, ƙafata a kan matakala! Amma ya tambaya, kuma Baba ko kallona bai yi ba. Ya taɓa kafaɗar ƙanwata.

"Wannan."

"Baba, Yaya ce a gaba," ta ce.

"Shiga, na ce."

"Baba, ni ce fa na..." Ban ƙarasa ba. Ya juyo ya yi mini kallon da na sani tun ina yarinya, na sauke ƙafata daga matakalar. Ta shiga tana waiwaye, aka rufe ƙofa.

Ni 'yar fari ce, Baba kuma mutumin da ne. A wurinsa abin kunya ne a ga ya fifita ɗan cikinsa a gaban mutane, balle a kan marainiyar ɗan'uwansa. Haka muka tashi. In tsokar nama ɗaya ta rage a miya, tata ce. In atamfa biyu aka sayo, ita ke fara zaɓa. Wallahi ban taɓa damuwa da nama ko atamfa ba, ina ma alfahari da irin karar Baba in na ji mata na yabonsa. Amma a ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina. Wata mata a bayanmu ta tambaye shi ko wadda ta shiga ce tasa ta cikinsa, ya ce, "Duka nawa ne," ta hau sa masa albarka, ni kuma kamar in rufe mata baki.

Muka koma gindin wata darbejiya. Baba ya sayo ruwan leda ya miƙo mini, na ce ba na jin ƙishi. Ya koma can gefe ya zauna a kan dutse ya ciro carbi. 'Yan safe suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, garin sabulu a hijabinsu, kowa ya daɗe a ciki. Ƙanwata ta fito da murmushi, tana hango ni ta haɗiye shi. Sai da na matsa mata ta ba ni labari. Malamai uku ne, har da wata likita mace mai fara'a. Sun ba ta sabulu, haƙorin da ta sassaƙa ya fito kamar ƙwayar gyaɗa, suka yi dariya, ita ma ta yi, daga nan hira ta ɓarke har likitar na tambayar ta yadda ta yi karatu ba uba.

"Yaya, ke za su fi so, wallahi," ta ce.

Na ce ta yi mini shiru.

Aka kira azahar, malaman suka fita salla da cin abinci. Muka yi salla muka dawo, ba su dawo ba. Rana ta karkata, inuwar darbejiyar ta gudu ta bar mu. Da suka dawo, biyu ne. Likitar mace ta wuce, wai tana da tafiya. An kuma ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zauren ya zama kamar gidan burodi. Sai layi ya fara gudu. Mutum ya shiga, kafin ka gyara zama ya fito. Duk wanda ya fito sai na dubi hannunsa, ban ga garin sabulu a jikin kowa ba.

Dab da la'asar aka kira ni. Ɗaya daga cikin malaman yana danna waya, ɗayan yana fifita da kwali. Mai fifitar ya tambaye ni me ya sa nake son aikin haƙori. Na fara ba shi labarin Umma da mutumin bayan tasha, labarin da na yi ta maimaitawa a gaban madubi. Ban kai ga kumburin ba ya ce, "To madalla." Ya yi mini wata tambaya a kan jini, na amsa daidai, ya gyaɗa kai yana kallon agogon bango.

"Shi ke nan, za ki ji daga gare mu."

Ban tashi ba. "Ranka ya daɗe, ba za a ba ni sabulu ba?"

"Ya ƙare tun safe."

Na buɗe jaka, na warware hankicin, na ajiye haƙorin turmin nan a kan tebur. Mai wayar ya ɗago kai. Ya ɗauka ya juya shi, ya duba saiwoyin, na ga ya tsaya.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ni na yi."

"To ai ba a gabanmu kika yi ba."

"A ba ni wuƙa in yi wani yanzu. Ko a aika a sayo sabulu, ga shago nan a waje."

Suka dubi juna. Na rantse, da a ce da safe ne da sun yarda, na gani a fuskar mai wayar. Amma ɗayan ya nuna ƙofa da kwalin ya ce, "'Yata, akwai mutane a bayanki, ga la'asar ta yi." Mai wayar ya turo mini haƙorina, na naɗe na fito. Muka hau bas muka koma gida.

Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayar ƙanwata cewa an ɗauke ta. Tawa na yi ta dubawa har batir ya mutu, ba abin da ya zo. Ƙanwata ta faɗa kan katifa tana kuka, wai ba za ta je ba, wai gurbina ta ci. Na daka mata tsawa na ce in ta ƙi tafiya to mun yi asara biyu, kuma ni da kaina zan ja ta har tasha. Ba da ita nake fushi ba, ko a lokacin na san haka. Maƙwabta suka cika gida da barka, ni nake zagawa da zoɓo, ina amsa "Allah ya kawo naki" da amin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san gaskiya ba. Wataƙila ko da safe na shiga ba za a ɗauke ni ba. Amma ba a bar ni na gani ba.

Washegari Umma ta ba ni abincin Baba in kai masa shago. Na same shi shi kaɗai yana goge wani katako. Na ajiye kwanon, na gaishe shi, na ƙi tafiya.

"Baba, da ka san haka za ta kasance, za ka sake nuna ta?"

Bai daina gugar ba. Can ya ce, "Zan sake."

"Ko da ni ce a gaba?"

"Ke kina da uba. Ita in ban tsaya mata ba, wa zai tsaya?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na ce, "Baba, a bakin ƙofar nan ita ce mai uba. Ni ce na tsaya ni kaɗai."

Hannunsa ya tsaya a kan katakon. Na juya na kama hanyar gida ina share hawaye da bakin hijabi. Da yamma kwanon ya dawo yadda na kai shi, ko murfin bai buɗe ba.