Aiken Hajiya Bintu Zuwa Gindin Mont Aiguille

Paris

Ina idar da sallar asuba na kama metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Château Rouge zuwa tashar jirgin ƙasa mai zuwa Lyon. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, aike ne. Yayata Hajiya Bintu ta ga hoton 'yarta Ramatu, mai karatun ilimin duwatsu a Lyon, tana reto jikin igiya a gefen dutse kamar guga. Daga Damagaram ta kira ni: "Je ka gani da idonka. In wasa da rai take, karatun ya isa, ka maido mini ita."

Lyon

Da babbar rigar shadda na sauka, don kawu ba ya zuwa yanke hukunci da ƙananan kaya. Ramatu ta gaishe ni, ta ƙunshe dariya. "Kawu, biki za mu?" A Rillieux-la-Pape na kwana, gidan abokina Malam Isufu. Ya cika ni da tuwo miyar kuka, ya ara mini takalmin soja wanda ya fi ƙafata girma.

Clelles

Washegari, mu da abokan karatunta biyu, muka bi ta Grenoble, ƙaramin jirgi ya ajiye mu Clelles. Mont Aiguille, dutsen da za su hau, na tsaye shi kaɗai, gefensa kamar an yanka da wuƙa, samansa a baje. Ramatu ta ce dā haɗe yake da tsaunukan bayansa, ruwa ya yi ta ci har ya raba su. A 1492 sarkin Faransa ya sa aka hau shi da tsani, aka tarar da filin ciyawa a can sama.

Muka ratsa kurmi, rigata tana gaisawa da kowace ƙaya. A gindin dutsen Ramatu ta duba ƙullin igiyar kowa, sannan ta daɗe tana kallon wani hadari daga yamma.

"Yau babu hawa," in ji ta.

Ni da aka aiko in hana, sai na ji bakina yana cewa, "Haba! Mu taso tun daga Paris mu koma hannu rabbana? Hau ko kaɗan ne, ni kawunki na ce."

"Yi haƙuri, Kawu. Dutse ba ya gudu."

Raina ya ɓaci, ban taɓa jin a'a daga bakinta ba. Kafin mu kai tasha ruwa da tsawa suka sauko, na jiƙe sharkaf, haushina ya koma godiya.

Gida

Na iso Paris lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Malam Isufu. Na kira Hajiya.

"Ta hau?"

"Ni na matsa mata ta hau, ta ƙi. Yaya, 'yarki ta fi ƙanenki hankali."



"To ta zauna," in ji ta. "Amma ka ce mata, duk ranar da ta sauko, ni za ta fara kira."